Na canza VAT a Common.dll, shafi ya koma 7.5 amma rasit yana nan a kan 5

mai_rikon_saba ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya daɗe yana aiki da ASP.NET na da, wato Web Forms, ya taimaka mini da wani abu da ya tsaya mini a wuya tun safiyar Asabar.

Ni nake kula da manhajar wani kamfanin sarin kayan gini a nan Kano, masu tayil da fenti da bututun ruwa. Ba ni na rubuta ta ba. Wanda ya gina ta ya bar aiki kafin a ɗauke ni, abin da na gada shi ne sabar mai Windows Server 2012 R2 da ke ajiye a ƙarƙashin teburin akanta, da IIS (manhajar da ke gudanar da shafin) a kanta, da wani faifan waje da aka miƙo mini aka ce duk kod ɗin yana ciki. Manhajar tana kan .NET Framework 4.5. Ma'aikata tara ne suke shiga ta burauza, uku daga cikinsu masu karɓar kuɗi.

Kun san dokar kuɗin da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 13 ga Janairu 2020 ta ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5, kuma sabon lissafin ya fara aiki ranar Asabar 1 ga Fabrairu. Daren Juma'a bayan an rufe shago na zauna na bincika faifan nan, na samu aikin da ake kira Common, a cikinsa ga layin da nake nema ɓaro-ɓaro:

`public const decimal VatRate = 0.05m;`

Na mayar da shi 0.075m, na harhaɗa a Visual Studio, na ɗauki sabon Common.dll, wato fayil ɗin da harhaɗawar ta fitar, na jefa a foldar bin ta sabar, inda irin waɗannan fayilolin DLL suke zama. Shafin farko ya ɗauki kusan minti biyu kafin ya buɗe, na zaci ma na kashe shi, daga baya ya tashi. Na buɗe shafin sayarwa, ga shi an rubuta VAT 7.5% a gefen jimilla. Na yi hamdala na tafi gida. Laifin da na yi shi ne ban gwada fitar da rasit ko ɗaya ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Asabar mai karɓar kuɗi ta kira ni. Wani dillali daga Haɗeja ya ɗauki tayil na Naira 400,000, allon yana cewa 7.5% amma kuɗin harajin da ya fito Naira 20,000 ne, jimilla 420,000 maimakon 430,000. Rasit ɗin PDF ma haka. Kafin ta lura rasit goma sha huɗu sun riga sun fita, kuma duk abin da ba a karɓa ba kamfani ne zai cike daga aljihunsa ranar biyan haraji. Tun daga lokacin, da kalkuleta da littafin rasit na hannu suke aiki, manaja kuwa yana leƙo ni duk bayan awa ɗaya.

Abin da na gwada: na yi iisreset, na share duk abin da ke cikin Temporary ASP.NET Files, na sake kunna sabar gaba ɗaya, na duba GAC, ma'ajiyar DLL ta injin gaba ɗaya, ko akwai tsohon Common a can, babu. Na binciki rumbun bayanai ko an ajiye 5 ɗin a wani tebur, nan ma babu.

Abin da na lura shi ne lissafin rasit ba a shafin ake yin sa ba, wani fayil ne a bin mai suna Billing.dll yake yi. Shi kuwa babu kod ɗinsa a faifan, fayil ɗin DLL ne kawai. Lambar wanda ya rubuta shi ba ta shiga.

To ga tambayata. Ni a sanina idan ka taɓa wani abu a bin, ASP.NET yana sake harhaɗa komai, shi ya sa ake samun wancan jinkirin. In haka ne me ya sa Billing.dll bai ga sabon adadin ba, alhali daga Common yake ɗauka? Me kwamfaila, wato manhajar da ke harhaɗa kod, take yi ne da waɗannan DLL ɗin da aka riga aka harhaɗa? Tana buɗe su ta sake gina su, ko kuwa? Allah ya saka wa wanda ya amsa da alheri.

tsohon_hannu ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, sabar ba ta lalace ba, kuma ba wani ɓoyayyen kwafi ba ne yake maka wasa. Kalmar nan const, mai nufin adadin da ba ya canzawa, ita ce ta ɗaure ka.

Fara cire wannan daga ranka: kwamfaila ba ta sake harhaɗa DLL ɗin da ke bin. Ba ta da abin da za ta harhaɗa ma, domin babu C# a cikinsa. Abu biyu ne a ciki. Akwai umarnin da aka riga aka juya zuwa IL, yaren tsaka-tsakin da .NET yake ganewa, sannan akwai wata rajista da ke lissafa sunan kowane kilas, da metod ɗinsa (guntun kod da ake kira ya yi wani aiki), da irin abin da yake karɓa da wanda yake mayarwa. Idan csc.exe, wato kwamfailar C#, yana harhaɗa shafinka aka nuna masa Billing.dll, wannan rajistar kaɗai yake karantawa, don ya tabbata abin da ka kira yana nan kuma ka kira shi daidai. Sai ya rubuta a cikin naka fayil ɗin cewa a nemo metod kaza a laburare kaza, wato DLL kaza, idan lokaci ya yi. Ba ya taɓa cikin Billing.dll, ko harafi ɗaya ba ya canzawa. Juya IL zuwa yaren injin kuma aikin JIT ne, lokacin da manhaja take gudu, metod bayan metod, a karon farko da aka kira kowanne.

Jinkirin da ka gani gaskiya ne, amma ba DLL ake ginawa ba. ASP.NET yana sa ido a kan bin da App_Code da Global.asax. Da ɗaya ya motsa sai ya zubar da duk shafukan da ya harhaɗa a baya, ya sake harhaɗa fayilolin aspx da ascx, ya zuba sakamakon a Temporary ASP.NET Files da sunaye irin App_Web da wasu haruffa a bayansa. Yadda yake sanin laburaren da zai nuna wa kwamfaila kuwa, je ka buɗe babban web.config na injin, wanda ke foldar Config ƙarƙashin v4.0.30319, za ka ga layin `<add assembly="*" />`. Wannan tauraron yana nufin duk abin da ke bin. Shi ya sa rubutun gefen jimilla ya koma 7.5: yana cikin aspx, an sake harhaɗa shi a kan sabon Common ɗinka. Da a ce an sa optimizeCompilations a kan true a web.config ɗinku, ko an harhaɗa shafukan tun kafin a ɗora su ba tare da damar gyara ba, da ko wannan rubutun ba zai canza ba, kuma da ka gane matsalar tun daren Juma'a.

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. Kusan komai a laburare ana kiran sa ne da suna a lokacin gudu, amma ban da const. Idan kwamfaila ta ga `VatRate` kuma const ne, ba ta rubuta "je ka tambayi Common". Ɗauko adadin take yi ta dasa shi a wurin. Ranar da mutumin nan ya harhaɗa Billing, an kwafe 0.05 an manna a duk inda ya rubuta VatRate. Kamar tela ne da ya duba littafin awo ya yanka yadi: ka je ka gyara awon a littafi yau, rigar da aka ɗinka bara ba ta san ka yi ba. Ko ka goge Common.dll ɗin gaba ɗaya, wannan lissafin zai ci gaba da ba ka kashi 5. In ma const kaɗai Billing yake ɗauka daga Common, kana iya duba jerin laburaren da ya dogara da su ka tarar babu sunan Common a ciki sam.

Kada ka ɗauki maganata haka nan, ka gani da idonka. Sauke ILSpy, mai warware DLL ya nuna kod ɗinsa, kyauta ne, ka buɗe Billing.dll a kwamfutarka, ka nemi metod ɗin da ke lissafa jimilla. Za ka ga 0.05m a zaune, babu sunan VatRate. In ildasm ka yi amfani da shi, za ka ga an loda 5, da sifili uku, da 2, sannan aka gina Decimal. Wato lamba 5 da gurbi biyu bayan ɗigo. Sabon adadinka da zai fito 75 da 3.

Abu biyu da za ka kula da su in ka buɗe. Na farko, kwamfaila tana gama lissafin da za ta iya gamawa tun a wurin harhaɗawa, don haka inda ya rubuta 1 + VatRate ba za ka ga 0.05 ba, 1.05m za ka gani. Ka neme shi shi ma. Na biyu, ba const kaɗai ke da wannan halin ba. Lambobin enum (jerin sunaye, kowanne da lambarsa) da adadin da metod yake amfani da shi idan mai kira bai kawo nasa ba, su ma dasa su ake yi a wurin mai kira. Na taɓa ganin an saka sabon abu a tsakiyar enum, aka ɗora laburare ɗaya aka bar sauran, duk odar da aka biya ta koma "an soke" a rahoto.

Kuma mayar da layin zuwa static readonly, wanda ake karanto shi lokacin gudu, a Common yanzu ba zai cece ka ba. Zai hana faruwar haka a gaba, amma sai an sake harhaɗa Billing tukuna. Babu hanyar da za ta kauce wa taɓa Billing.

mai_rikon_saba ya rubuta:

Malam, Allah ya ƙara ilimi, ya jiƙan mahaifa. Na buɗe shi da ILSpy kamar yadda kuka ce, ga 0.05m nan a wuri huɗu, ga 1.05m a wuri ɗaya, a metod ɗin da ke cire haraji daga farashin da aka riga aka haɗa masa. Da ba ku faɗa ba wallahi da ban neme shi ba. Na daɗe ina kallon allon, domin shekara biyu ke nan ina jefa DLL a bin ina ganin kamar komai yana bin sabon da na saka.

Sai dai na guje wa gara na faɗa gidan zago. Na ce kafin in taɓa komai bari in ajiye kwafi, sai na kwafi Billing.dll a nan cikin bin ɗin na sa masa suna Billing_old.dll. Ko minti ɗaya ba a yi ba manhajar ta faɗi gaba ɗaya, har shafin shiga. Allon rawaya ya fito da wannan: "Could not load file or assembly 'Billing_old' or one of its dependencies. The located assembly's manifest definition does not match the assembly reference", da lamba 0x80131040. Na goge kwafin ta dawo, amma duk wanda yake ciki an fitar da shi, kuma mai kula da sito yana tsakiyar shigar da kayan da tirela ta sauke, layi talatin da wani abu, duk suka tafi. Sai da ya sake daga farko, direba yana tsaye yana jiran a sa masa hannu.

Abin da ya ɗaure mini kai, babu wani shafi da yake kiran Billing_old. To me ya kai ASP.NET gare shi? Sannan ta yaya ma Windows yake barin a canza DLL ɗin da manhaja take amfani da shi, ba ya cewa fayil yana buɗe? Ina so in fahimci wannan kafin in sake kusantar foldar, domin ILSpy ya ba ni damar fitar da kod ɗin a matsayin cikakken aiki, kuma niyyata in gyara in harhaɗa in ɗora yau da dare.

yar_zazzau ta rubuta:

Sannu ɗan'uwa, Allah ya kawo mafita. Amsar tambayarka ta farko tana cikin tauraron da Malam ya ambata. ASP.NET ba ya jira sai an kira laburare. Yana tashi sai ya bi bin fayil bayan fayil, ya cire .dll daga sunan, ya ce a loda masa laburare mai wannan sunan. Ya nemi Billing_old, aka buɗe fayil ɗin, rajistar ciki ta ce sunana Billing. Sunan waje da na ciki sun saɓa, sai ya tsaya cak, kuma tunda wannan yana faruwa kafin a harhaɗa kowane shafi, komai ya tsaya tare da shi. DLL ɗin da ba na .NET ba ne kaɗai yake tsallakewa. Bin ba ma'ajiya ba ce. Kwafinka ya zauna a wata folda a wajen shafin gaba ɗaya, da kwanan wata a sunanta.

Ta biyu kuwa, manhajar ba daga bin take gudu ba. Kowane DLL ana kwafe shi zuwa cikin Temporary ASP.NET Files, ƙarƙashin assembly sannan dl3, kuma wancan kwafin ne ake kullewa. Na bin yana nan a sake, shi ya sa kake iya ɗora wani a kansa. Amma da zarar ya canza sai a rushe AppDomain, wato ɗakin da manhajar take gudu a ciki, a tada sabo, kuma duk abin da ke ƙwaƙwalwar tsohon ya tafi. Idan sessionState ɗinku yana kan InProc, mai riƙe bayanan masu shiga a wannan ƙwaƙwalwar, wanda shi ne yake zuwa da shi in ba a canza ba, to nan layukan mai sito suka bi. Ko fayil ɗin da bai shafi kowa ba ka jefa a bin, haka za ta faru.

Don haka yau da dare, kafin ka kwafi komai, ajiye fayil mai suna app_offline.htm a tushen shafin. Tun ASP.NET 2.0 na 2005 ake da shi. Yana sauke manhajar, duk mai shigowa ya ga saƙon da ka rubuta a ciki, ka gama kwafe-kwafenka a natse, ka cire shi ta tashi sau ɗaya. In ba haka ba kana kwafar fayil uku tana iya tashi a tsakiya da rabin sabo rabin tsoho.

Abin da ya fi damuna shi ne harhaɗawar da za ka yi, domin a nan na taɓa ƙonewa. Idan ka buɗe aikin da ILSpy ya fitar zai nemi laburaren da Billing ya dogara da su. Kada ka je NuGet, ma'ajiyar laburare ta intanet, ka sauko da sababbi. Kwafo bin ɗin sabar zuwa kwamfutarka ka nuna masa waɗannan ɗin, su ɗin dai. Misali in akwai Newtonsoft.Json siga ta 6 a bin, kai kuma ka harhaɗa da 12.0.3 da ka sauko da shi daga NuGet, kwamfaila za ta rubuta a cikin Billing cewa tana son 12.0.0.0 mai hatimi 30ad4fe6b2a6aeed. Laburare mai hatimi, wato wanda marubucinsa ya sa masa hannu da mabuɗinsa, ba a yi masa sassauci a kan siga, sai ka sake ganin 0x80131040 ɗin nan. Ana iya ɗora sabon a sa bindingRedirect a web.config don tsofaffin masu neman 6 su karɓi 12, amma wannan ba aikin daren da kake cikin matsi ba ne. Naku Common ɗin da alama ba shi da hatimi, irinsu ba a duba musu siga, shi ya sa sabon ya shige ba gardama.

Ka duba ko Billing ɗin kansa yana da hatimi. A saman ILSpy za ka ga PublicKeyToken. In null ne, ka huta. In akwai lamba, to sai da fayil ɗin mabuɗi na snk na wanda ya rubuta shi za ka iya fitar da mai irin hatimin, kuma duk wani DLL da ke kiran Billing zai ƙi naka.

Ka bar shi a AnyCPU. In ya fita x86 alhali IIS ɗinku yana gudu a 64, tauraron nan zai sake kayar da kai, wannan karon da BadImageFormatException.

Kuma kada ka canza sunan metod ko jerin abin da yake karɓa, ko da ka ga rubutun bai yi maka kyau ba. Shafukan aspx za su koka nan take domin ana sake harhaɗa su. Wani DLL da ke kiran Billing kuwa ba zai ce uffan ba sai ranar da aka danna maɓallin da ya kai ga wurin, JIT ya nemi metod ya rasa, ya jefo MissingMethodException. Yana iya zama rahoton ƙarshen wata, mako huɗu bayan ka manta.

bakatsine ya rubuta:

Duk abin da Malam da Hajiya suka faɗa haka yake, amma ni ban goyi bayan a sake harhaɗa shi daga kod ɗin ILSpy a daren nan ba. Kod ɗin da aka warware ba kullum yake komawa lafiya ba, kana iya kwana kana bin kurakuran da ba su shafi haraji ba. Da ni ne, dnSpy, mai gyara DLL kai tsaye, zan buɗe in gyara metod ɗin da abin ya shafa kaɗai in ajiye, sauran fayil ɗin ya zauna yadda yake. Gobe shago ya samu rasit, babban aikin a yi shi a hankali.

Sai dai akwai abin da ban ga an taɓo ba, kuma ya fi wannan girma. In ka mayar da 0.05 zuwa 0.075 a ko'ina, me zai faru idan aka sake buga rasit ɗin Janairu? Ko wani ya dawo da fenti da ya saya a Disamba? In Billing yana sake lissafi duk lokacin da aka buga, tsohon rasit zai fito da 7.5, ya saɓa wa wanda ke hannun mai kaya da wanda aka kai wa hukumar haraji. Static readonly ma ba ta magance wannan. Adadin haraji ba abin zama a kod ba ne. Ya kamata ya zauna a tebur da ranar da ya fara aiki, kuma kowane rasit a ajiye masa adadin da aka yi masa lissafi da shi. Duba teburin rasit ɗinku ka gani ko ana ajiye kuɗin harajin, ko jimillar kaya kaɗai.

Sannan ka sanar da manaja a rubuce cewa za ka warware DLL ɗin. In kamfani ne ya biya aka rubuta masa, ba matsala, amma ya sani.

mai_rikon_saba ya rubuta:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana.

Yaya bakatsine, maganarka ta tsayar da ni, kuma gara da ta tsayar da ni. Na duba teburin, jimillar kaya da kwanan wata kaɗai ake ajiyewa, haraji kullum sake lissafa shi ake yi. Da na bi niyyata ta farko, duk rasit ɗin shekara shida da sun canza a daren. Amma a kan dnSpy ban bi ka ba, domin gyaran ya wuce canza lamba, sai na ƙara karanta tebur. Na gwada harhaɗa kod ɗin ILSpy a kan kwafin bin kamar yadda Hajiya ta ce, kurakurai shida ya ba ni, duk na sunayen da kwamfaila ta ƙirƙira wa kanta ne, na gyara su cikin awa ɗaya. PublicKeyToken null ne. Newtonsoft ɗin bin kuwa siga ta 6 ce daidai yadda kika yi misali, na bar shi a wurinsa.

Wurin da na fi daɗewa shi ne 0.05m ɗin nan guda huɗu. Tunda sunan ya ɓace, babu abin da ke nuna wanne ne haraji. Uku a bayyane suke. Na huɗun yana cikin wani metod da ke duba ko jimilla ta haura wani adadi sannan ya ninka da 0.05. Na kira akanta ya zo ya tsaya a kaina, na karanta masa lissafin da baki, ya ce ai wannan ragin da ake yi wa manyan dillalai ne, kashi 5 shi ma, ba ruwansa da gwamnati. Da na yi "nemo ka canza duka", da mun ƙara wa dillalai ragi ba da sanin mai kamfani ba.

Yanzu akwai ƙaramin tebur mai layi biyu, 0.05 daga farko, 0.075 daga 1 ga Fabrairu 2020, kuma Billing yana ɗaukar adadi bisa kwanan watan rasit. Na cire VatRate daga Common gaba ɗaya don duk shafin da ke kiran sa ya koka, biyu suka koka na gyara su. Na ƙara gurbin adadin haraji a teburin rasit don na gaba. Na sa app_offline.htm ƙarfe tara na dare, na ɗora, na cire, na buga rasit ɗin gwaji na Naira 400,000 ya ba ni 430,000, na sake buga wani na 20 ga Janairu ya fito da kashi 5 ɗinsa.

Rasit goma sha huɗun nan na Asabar suna da kwanan 1 ga Fabrairu, don haka yanzu manhaja tana nuna su da 7.5 alhali an karɓi 5. Manaja yana kiran masu su ɗaya bayan ɗaya, tara sun yarda za su ciko, na Haɗejan ya ce sai ya shigo gari ranar Alhamis.

Saura abu ɗaya. Akwai Reports.dll a bin, shi ma babu kod ɗinsa, kuma shi ne yake fitar da rahoton harajin wata da akanta yake aiki da shi. Cire VatRate da na yi bai sa shi koka ba, kuma yanzu na san hakan ba ya nufin komai. Na buɗe shi ɗazu na ga 0.05m a wuri biyu, da wani 21m da ake raba jimilla da shi, wanda nake zaton hanyar cire kashi 5 ce daga farashin da ya haɗa da haraji, tunda 5 cikin 105 ɗaya ne cikin 21. Malam tsohon_hannu, in kuna kusa, wannan 21 ɗin kwamfaila ce za ta iya haifar da shi daga const, ko da hannu mutumin ya rubuta shi? Ina so in sani kafin in taɓa, rahoton Fabrairu zai fita farkon Maris.